Bayan Bikin Yaye, Ina Matasan Da Aka Koya Wa Sana'a Suke Shiga?

Wanda ya ratsa tsohuwar Kasuwar Panteka da ke Kaduna da hantsi, kunnensa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Guduma na sauka a kan ƙarfe, janareto na ruri, masu walda sun duƙa tartsatsi na tashi. A wannan layi ƙofofi da tagogi ake ƙerawa, a wancan injin niƙa da na sussukar masara ake harhaɗawa, can gaba kuma kafintoci ne da masu kujeru.

Rumfar masu zubin tukwane ta isa a tsaya a kalla. Gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan alminiyom ake tarawa a narka a kan gawayi, yaro na gefe yana juya ƙafar keken da aka mayar zugazugi. Maigidan zai ɗauko akwatin katako ya sa tukunyar samfuri a ciki, ya cika da ƙasa mai laima, ya daddaɓe ta ciki da waje. Sai ya buɗe akwatin a hankali ya zare tukunyar, gurbinta ya rage a jikin ƙasar. Ya mayar ya rufe, ya tsiyaya narkakken ƙarfen ta wata 'yar kafa da ya bari. Bayan 'yan mintoci a fasa ƙasar, sabuwar tukunya ta fito da zafinta, a miƙa wa wani yaron ya goge bakinta da magagari. Idan ƙasar ta cika laima, tukunya za ta fito da huji. Idan ta bushe da yawa, gurbin zai rushe. Yaron da ke juya ƙafar keke yau, nan da 'yan shekaru damƙar ƙasar kawai zai yi a tafin hannu ya san ko ta yi. Ba wanda ya rubuta masa wannan a allo.

Irin wannan wuri shi ne babbar makarantar sana'a a Arewa, ko da babu allon sanarwa a ƙofarsa. Masu takalma da jakunkuna na Ƙofar Wambai a Kano, masu gyaran waya na Farm Centre, marinar Ƙofar Mata, garejin kanikawa da ke bakin kowace tasha, shagon tela da ke kowace unguwa: a nan mafi yawan masu sana'ar hannu suka koyi abin da suke ci da shi. Uba ne zai kama hannun ɗansa ya kai wa abokinsa, ya ce, "Ga ɗanka nan, amana." Daga ranar yaro ya zama yaron shago. Shara da aike zai fara, sannan riƙe fitila da miƙo sifana, kafin a yarda ya taɓa aikin mutane.

Gwamnati ma ta daɗe a wannan fage. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF, mai hedikwata a Jos, wanda doka ta ɗora wa manyan kamfanoni su riƙa zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara. A 1977 aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE a Kaduna. Da aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an yi niyyar kowane ɗan ƙaramar sakandare ya taɓa zarto da guduma kafin ya wuce gaba. An yi odar injina daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama sun tsufa a cikin akwatunan da suka zo, saboda babu wuta, babu kuma malamin da ya san yadda ake tayar da su. A farkon 1987, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya fara cizo, aka ƙaddamar da hukumar samar da aikin yi ta NDE. Cikin shirye-shiryenta akwai wanda ya fahimci inda ilimin yake, domin matasa ake ɗauka a kai su wurin ƙwararrun masu sana'a a shagunansu, hukuma ta ɗan ba maigida wani abu, ta ba yaro kuɗin mota. Daga baya SMEDAN ta zo a 2003 domin ƙananan 'yan kasuwa, sannan N-Power a 2016, wadda ta ɗauki matasa 500,000 a rukuni biyu na farko, tana biyan masu digiri da makamantansu naira 30,000 a wata.

Ke nan ba hukumomi aka rasa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai komawa bayan shekara biyu ya tambaya: ina yaran nan suke?

Kowa ya san yadda bikin yake. A kafa rumfuna, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da na'urar busar da gashi, a ɗaura musu kintinkiri. Babban baƙo ya iso a makare, a yi jawabi a kan zaman kashe wando, a kira mutum biyar su karɓa a madadin sauran, a ɗauki hoto. Horon da ake bikin kammalawa wani lokaci na mako biyu ne. Ba sirri ba ne cewa dillalai kan tsaya a bayan fili suna jiran wanda zai sayar da kekensa a rabin kuɗi. Kafin a zagi wanda ya sayar, ya kamata a tambaya ko mako biyu ya isa mutum ya iya yanka yadin wani ba tare da ya ɓata shi ba, ko yana da shagon da zai ajiye keken, ko ma shi ya zaɓi ɗinkin da kansa. Sau da yawa sunansa kawai aka sa a jerin mazaɓa, kuma keken ɗinki ne ya rage da layi ya zo kansa.

Akwai wani shiri guda a Najeriya da aka bi diddiginsa da gaske, kuma sakamakonsa ya ba masana mamaki. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan, ta hannun ma'aikatar kuɗi ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta buɗe gasar tsara kasuwanci mai suna YouWiN. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko. An tace 6,000 aka ba su horon kwana huɗu a kan yadda ake rubuta tsarin kasuwanci, a ƙarshe 1,200 suka yi nasara. Kuɗin ba na wasa ba ne, domin a matsakaici kowannensu ya samu abin da ya kai kimanin dala 50,000, kyauta ba bashi ba, ana sakin sa kashi-kashi gwargwadon yadda mutum ya cika sharuɗɗa. Abin da ya ba shirin daraja a wurin masu bincike shi ne fiye da 700 daga cikin masu nasarar ƙuri'a ce ta fitar da su daga cikin waɗanda suka kai matakin ƙarshe. Wannan ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar kwatanta mutanen da cancantarsu ɗaya, bambancinsu kawai wannan ya samu kuɗi, wancan bai samu ba.

Bayan shekara uku, cikin masu neman buɗe sabon kasuwanci da ƙuri'a ba ta faɗo musu ba, kaɗan ne suka ɗara rabi da ke gudanar da wani kasuwanci. Cikin waɗanda suka samu, kusan tara cikin goma. Masu ma'aikata goma ko fiye kuwa, kusan ɗaya cikin goma ne a rukunin farko, ɗaya cikin uku a na biyu. An ƙiyasta zagayen ya samar da guraben aiki kimanin 7,000. Masu cewa da an ba matashi kuɗi aure zai ƙara ko mota zai saya, binciken bai goyi bayansu ba. Sai dai a faɗi gaskiya, gasar ta intanet ce, da Turanci ake cike ta, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga 'yan boko ne. Mai zubin tukunya na Panteka, wanda zai iya ɗaukar yara goma aiki gobe in ya samu jari, ko labarinta da wuya ya ji.

A arewacin Yuganda an gwada da ƙaramin kuɗi. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ce matasa su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su rubuta sana'ar da suke so su koya da kayan aikin da za su saya. Ƙungiyoyin da ƙuri'a ta zaɓa aka tura musu kuɗi, kimanin dala 380 kowane mutum, ba tare da an sa musu mai gadi ba. Mafi yawansu kuɗin horo suka biya, suka sayi kayan kafinta, na ɗinki, na walda. Bayan shekara huɗu abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da kashi 38 cikin 100. Masu binciken, Christopher Blattman da abokan aikinsa, ba su tsaya nan ba, suka sake komawa a shekara ta tara, sai suka tarar waɗanda ba a ba su komai ba sun kamo su a wajen samu, domin su ma sun yi ta fafutuka sun tara nasu a hankali. Masu tallafin dai sun fi su kadara, kuma da yawansu sun zauna a sana'ar ƙwarewa. Tallafin ya rage musu shekarun wahala, amma bai mayar da ƙauyensu birni ba. Duk wanda zai yi wa matasa alkawari ya kamata ya san wannan iyaka.

Darasi na uku daga Lome ya zo, babban birnin Togo. An ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu abin da aka saba: ajiye lissafi, talla, kula da ma'aikata. Kashi na biyu aka ba su wani horo na daban da masana halayyar ɗan Adam suka tsara, wanda ke koya wa mutum ya daina jiran ciniki ya same shi a zaune, ya fita ya nemi abin da maƙwabcinsa ba ya sayarwa, ya hango matsala tun ba ta iso ba. Kashi na uku ba a koya musu komai ba. Cikin shekara biyu ribar 'yan kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ta masu darasin lissafi ta ƙaru da kashi 11, ƙarin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. An wallafa sakamakon a 2017.

Wannan batu ya fi shafar mata a wurinmu. A shiga kusan kowane horon mata a Kano ko Katsina ko Gusau, jerin ɗaya ne: sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta, humra, ɗinki, saƙa. A yaye mata ɗari a unguwa ɗaya da sabulu iri ɗaya, wa zai saya daga wa? Alhali ga matan aure a cikin gida da suka fi son mace ta gyara musu waya, saboda hotunan da ke ciki; ga asibitoci da ke neman masu kula da na'urori; ga sola da ke shiga gidaje ana buƙatar mai haɗawa da mai gyara. Matar Bahaushe ta daɗe tana sana'a daga cikin ɗakinta, da can yara ke kai mata talla, yanzu WhatsApp da Instagram sun karɓi wani ɓangare na aikin. Abin da take buƙata shi ne kayan da ba kowa ke da shi ba, da hanyar kai shi ga mai saye.

Sai maganar takarda. Mai walda zai shekara ashirin yana aiki, hannunsa ya faɗa, amma ranar da babban aiki ya zo gari ba za a ɗauke shi ba. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, ba a ba mutum walda a jikinsa sai da shaidar cewa an jarraba shi, domin huji ɗaya na iya cin rayuka. Haka 'yan kwangilar gine-gine a Abuja suka saba ɗauko masu shimfiɗa tayil da masu silin daga Togo da Jamhuriyar Benin. Wani bincike da aka yi a Yuganda tare da ƙungiyar BRAC a kan matasa kusan 1,700 ya nuna inda takarda ke aiki. Waɗanda aka kai shago da waɗanda aka kai cibiyar horo duk sun iya aikin, amma da tafiya ta yi nisa masu takardar cibiya sun fi saurin samun wani aikin idan na farko ya ƙare, domin suna da abin nuna wa wanda bai san su ba. Yaron shago kuwa, maigidansa da mutanen layinsu ne kaɗai shaidarsa.

A nan ne abin da aka fara a Kaduna ya cancanci a sa masa ido. Farfesa Idris Bugaje, lokacin da yake shugabancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ke maƙwabtaka da Panteka, ya jawo masu sana'ar kasuwar cikin tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ake kira NSQ. Da ya koma shugabancin NBTE a 2021 ya ci gaba da tallata tsarin. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Ba a cewa maƙeri ya rufe shago ya koma aji. Mai tantancewa ne zai zo ya tsaya a kansa yana aiki, ya duba abin da ya iya, a cike masa giɓin da ya rage, kamar matakan kare kai da karanta zanen aiki da awo, sannan a ba shi shaidar matakin da ya kai. Tsohuwar jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago tana nan, haka ta hukumar NABTEB da aka kafa a 1992, amma masu sana'a da yawa ba su taɓa jin cewa da su ake ba.

Ko an samu takarda, ranar sallama ce ke raba gardama. 'Yan kasuwar Ibo suna da tsarin da ya yi suna har jami'o'in waje na nazarinsa: yaro zai yi wa maigida hidima shekara biyar zuwa bakwai, an san ranar farawa, an san ta gamawa, iyaye sun shaida. Ranar da wa'adi ya cika maigida zai kama masa shago, ya zuba masa kaya, ya haɗa shi da masu ba da sari. Ana ganin wannan a Sabon Garin Kano kamar yadda ake gani a Onica. Bahaushe ma yana da nasa. Attajiran Kantin Kwari da dama yaran shago ne a da, maigida ya yi musu aure, ya ba su kaya bashi, ya tsaya musu a wurin manya. Inda aka bambanta shi ne namu ya rataya ne a kan kirkin maigida. Babu wa'adi, babu rubutu, kunya kuma ba ta barin yaro ya tambaya. Wani zai dace da mai tsoron Allah ya tashi da jarinsa. Wani zai yi furfura ana ce masa "yaron Alhaji". Rubuta yarjejeniya a gaban shugabannin kasuwa ba rashin yarda ba ne, addini ma ya yi umarni da a rubuta bashi.

Wanda aka sallama hannu rabbana, banki ba ya cikin lissafinsa. Ba shi da takardar fili da zai jinginar, bai yi rajistar kasuwanci ba, kuma da yawa ko an ba su ba za su karɓi bashin da ke da kuɗin ruwa ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, sun buɗe wata ƙofa, musamman tsarin da banki zai sayi injin ya sayar wa mutum da riba sananniya ya biya a hankali. Amma har yanzu adashe da gudummawar dangi su ne bankin mai ƙaramar sana'a. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba matasan Afirka horo da jarin dala 5,000 kowannensu, takan buɗe shafinta na neman shiga a farkon kowace shekara. Ita ma ta intanet ce, don haka ɗan bokon da ke gida zai yi wa ƙaninsa mai sana'a babban alheri in ya zauna suka cike tare.

Wuta kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai walda da mai aski da mai niƙa kowa ya san nawa janareto ke ci kafin shi ya ci.

Matsalar da ta fi ciwo ita ce ta rashin ɗorewa. A wa'adinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Rabi'u Musa Kwankwaso ya kafa cibiyoyin koyon sana'a fiye da ashirin a Jihar Kano, daga ta tuƙi zuwa ta kiwon kaji da ta kifi. Da yawansu sun daina aiki bayan ya sauka. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina tata katafariyar cibiyar a kan titin Zariya, ta sa mata sunan Aliko Ɗangote. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta zo ta shiga sake buɗe na farkon. Ba a Kano kaɗai ake haka ba, kuma ba jam'iyya ɗaya ke yi ba. Shirin Mafita, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa domin almajirai da 'yan matan da ba sa makaranta, shi ma ya zo ya yi wa'adinsa ya tafi. Injin da aka bari shekara huɗu a rufe ba ya jiran zaɓe, tsatsa ce ke cinye shi. A Nijar akwai asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin koyon sana'a, da cibiyoyin koyon aikin hannu a ƙananan hukumomi, su ma kullum kukansu kayan aiki da kuɗin gudanarwa.

A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ƙarƙashin Tunji Alausa ta ƙaddamar da sabon shirin ilimin fasaha, da alkawarin karatu kyauta a kwalejojin fasaha na tarayya, da alawus na wata-wata, da tsarin da kashi 80 cikin 100 na lokacin ɗalibi zai tafi a aikin hannu. A shekarar ce kuma Jihar Kaduna ta buɗe cibiyoyinta na Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. A takarda tsarin ya yi kyau. Ma'aunin da za a auna shi da shi ba yawan waɗanda aka yaye ba ne. A ba da lambar wayar kowane ɗalibi ga wata hukuma da ba ita ta yi horon ba, ta kira su bayan shekara biyu, ta buga wa jama'a nawa ne ke cin abinci da abin da aka koya musu.

Kafin gwamnati ta yi nata, iyaye na da abin yi. Duk wanda zai kai ɗansa ko 'yarsa koyon sana'a, shago ne ko cibiya, ya tambayi shekara nawa za a yi, ya tambayi wace takarda za a bayar a ƙarshe da kuma wanda ya san da ita, ya nemi a nuna masa mutum uku da aka yaye a wurin suna zaune a nasu shagon. Idan an kasa nuna masa ko ɗaya, ya kama hannun yaronsa su ƙara gaba.